Awon da Ban Yi Ba: Tunawa da Mahaifina, Malam Sahabi Bakanike

Ranar Talata da hantsi, ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Maiyama, wayata ta yi ta motsi cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, amma da kiran ya shigo karo na uku sai na fita baranda. Yayana Sanusi ne. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Hauwa'u, ki taho gida. Baba ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na ji muryata kamar ta wata mata ce da ke tsaye can nesa da ni. Na koma na ɗauki jakata na fita. Sai da na zauna a mota na lura allin yana hannuna har lokacin.

Hanyar Maiyama zuwa Jega na san ta kamar tsakar gidanmu, amma ranar sai ta zame mini baƙuwa. Gonaki suna wucewa a hankali kamar ana jan tabarma. Nan da can injinan ban ruwa suna ta bugawa a bakin fadama, kuma duk wanda muka wuce sai in ji kunnena ya bi shi, ina sauraron ko bugunsa daidai yake. Ban yi kuka a hanya ba. Sauraro kawai nake yi.

Na tarar ba a fita da shi ba tukuna. Inna, mahaifiyarmu, ta ce ya yi sallar asuba a masallaci, ya dawo ya sha kunu, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Shi ke nan. Aka bar ni na shiga na yi masa addu'a. Abin da na fi kallo hannuwansa ne. An wanke su tas, amma layukan tafinsa suna nan da ɗan baƙinsu na shekara arba'in da wani abu yana cikin man inji, wanda babu sabulun da ya taɓa fitar da shi.

Wanda ya zauna a unguwar Jega Firchin ya san garejin Malam Sahabi, ko da bai taɓa mallakar ko keke ba. Rumfar kwano ce a gindin wata tsohuwar darbejiya, da dogon benci na katako wanda mai ya jiƙa har ya koma baƙi. Injin dizal ne aikinsa: na manyan motoci, na niƙa, na ban ruwa. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai tafiya a hankali, wanda ba ya ɗaga murya ko da a tsakiyar ƙarar inji. Idan aka kawo masa aiki ba ya fara taɓawa. Sai ya ce a tayar, ya ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin injin, ya manna kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Yakan daɗe a haka har mai injin ya fara tunanin ko barci ya ɗauke shi. Sannan ya buɗe ido ya faɗi abin da ke ciki, kuma in an kwance haka za a tarar.

Ba ya riƙe tsohon ƙarfen kowa. Duk abin da ya cire sai ya wanke shi da kananzir, ya ƙulle a leda ya miƙa wa mai shi, ya nuna masa inda ya lalace da yatsa. In mutum ya ce a bar shi a nan, sai ya ce, "Tahi da abinka. In wani ya tambaye ka mi anka canza, ka nuna mai." Na taɓa ganin ya bi wani direba har tasha da ƙafa don ya ba shi wasu ƙusoshi biyu da suka rage.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana Hauwa'u ba. Uwani yake ce mini. Tun ina ƙarama ni ke kai masa abincin rana, kuma ba na saurin komawa. Abin da na fi so shi ne ranar da yake aikin bawul. Bawul ɗan ƙarfe ne mai faifan kai da doguwar ƙafa siririya, kamar ƙaramin kakaki. Shi ke buɗewa iska ta shiga inji, ya rufe, wani kuma ya buɗe hayaƙi ya fita. Baba yakan huda kwali ya jera su bi da bi don kada wani ya shiga gurbin wani. Sannan ya shafa wa ɗaya wani mai mai yashi-yashi, ya zaunar da shi a mazauninsa, ya manna sanda a kansa ya riƙa murza ta tsakanin tafukansa kamar mai burga miya. Sautin yana fita siriri, shuu, shuu, hasken rana yana saukowa ta tsakanin ganyen darbejiya yana yawo a kan hannuwansa. Sau da yawa a nan barci ke kwashe ni a kan benci, in farka in tarar ya rufa mini rigarsa.

Yana da ma'auni na ƙarfe mai muƙamuƙi biyu, wanda ake matse abu a tsakaninsu a karanta kaurinsa. A cikin wani ƙyalle shuɗi yake naɗe shi. Babu abin da ke shiga injin da ke hannunsa sai ya bi ta bakin wannan ma'auni, sabo ne ko na hannu. Yakan ce, "Inji ba a ba shi haƙuri. Mutum aka ba haƙuri."

Shekarun baya idanunsa suka fara rauni. Nesa yana gani sosai, amma ƙananan lambobi sai su haɗe masa. A daidai lokacin ne kuma kasuwar kayan gyara ta fara komawa cikin waya. Tsofaffin injinan da yake gyarawa, kayansu sun ƙare a shaguna. Sai dai a nemi na hannu, kayan Beljiyam, wurin 'yan kasuwar da ke can kudu, waɗanda ke sa hotunan kayansu a intanet. Ina karatu a jami'ar Aliero a lokacin, ina zuwa gida kusan kowane ƙarshen mako, sai na zama ni ce mai nemo masa. Shi zai auna tsohon da taimakon wani gilashin ƙara girma, ya faɗa mini in rubuta a takarda. Ni kuma in nemi mai kaya, in ce ya auna nasa ya turo hoton ma'aunin a jikin kayan. In lambobin sun dace, a saya. In nuna masa hoto mai kyau in ce, "Baba, ga shi iri ɗaya," sai ya yi murmushi ya ce, "Uwani, hoto ba ya da kauri."

Abin da zan faɗa yanzu ya faru shekara bakwai da suka wuce, a shekarata ta ƙarshe a jami'a.

Baba yana da aboki tun na ƙuruciya, Malam Bawa, manomin albasa a wajen Jiga Makera. Mu Baba Bawa muke ce masa. Shi da maƙwabtan gonarsa su shida sun haɗu a kan wani tsohon babban injin dizal da ke jawo musu ruwa zuwa gonakinsu, waɗanda ke ɗan tudu. A wannan shekarar, an gama dashen albasa ke nan, shuka ta fara miƙewa, injin ya tsaya. Aka ɗauko kan injin a amalanke zuwa bakin titi, aka sa a mota zuwa Jega. Baba ya kwance ya tarar bawul biyu sun ƙone, biyu sun lanƙwashe, sifirin ɗin da ke mayar da su ma sun saki. Aka nema a Jega babu, aka aika Sakkwato babu.

Ranar Asabar Baba ya zaunar da ni ya ba ni awo huɗu: tsawon bawul, faɗin kansa, kaurin ƙafarsa, da nisan tsagin da ke kusa da ƙarshen ƙafar, inda makulli ke kama shi. Ya ƙara da tsayin sifirin. Ya ce, "Wanga inji an yi shi iri biyu, suna ɗaya, jiki ɗaya, amma ƙahwar bawul ɗinsu ta bambanta. Kada ki yarda da suna. A auna."

Na koma Aliero da takardar. Jarrabawa ta kama, ina karatu ba ji ba gani. Ranar Litinin na samu wani mai kaya a Legas. Hotunan sun yi kyau, sunan injin daidai, lambar da ke jikinsa daidai. Na ce ya auna mini. Ya ce ma'auninsa yana wani shago, kuma ba shi da lokacin zuwa, ga wani mai saye yana jira. Ya ce in dai sunan injin ɗaya ne, kaya ɗaya ne, ya sayar da irinsu ba adadi. Na ce zan kira shi. Ina ajiye waya Baba Bawa ya kira ni, abin da bai taɓa yi ba. Muryarsa a sanyaye ya ce, "Ɗiyata, albasa ta hwara kwantawa. An samu?" Na dubi hotunan na sake dubawa. Ga jarrabawa da ƙarfe biyu. Na ce masa an samu.

Sannan na kira Baba. Ya ce, "Ya auna?" Na ce ya auna. Ya ce, "Karanto mini." Na ɗauki takardar da shi da kansa ya ba ni, na karanto masa lambobinsa ɗaya bayan ɗaya, a matsayin na mai kaya. Sai ya ce, "To, madalla. A turo."

Kwana biyar kayan suka yi a hanya. Ranar da suka iso ina gida. Ni na je tasha na karɓo ƙullin, na kawo gareji. Baba Bawa yana zaune a kan benci tun safe yana jira, hularsa a gwiwa. Baba ya yi bisimilla ya kwance ƙullin. Bawul huɗu, an goge su suna ƙyalli, ko ni da na gan su kusa da tsofaffin sai da na ji sanyi a raina, don babu idon da zai raba su. Ya warware ƙyallen shuɗi. Ya matse ƙafar na farko, ya kawo gilashinsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ɗauki na biyu, na uku, na huɗu. Ya ɗauki ɗaya ya zura a raminsa da ke kan injin, ya ɗan kaɗa shi da yatsa. Muka ji ɗan sauti, ƙas, ƙas. Ƙafar ta fi ramin siranta da milimita ɗaya. Tsagin makullin ma ba a wurinsa yake ba.

Har yau ina ganin wannan lokacin kamar a mafarki. Iska ta tsaya. Wata akuya tana cin ɓawon lemo a bakin rumfa. Na ji kamar an cika kunnuwana da ruwa.

Baba Bawa ya ce, "Sahabi, ɗan wanga abu? Ko ƙwayar gero ta hi shi. Ka ɗaura hakanan, mu samu mu tsallake wanga wata."

Baba ya girgiza kai. Ya ce, "In na ɗaura, shina tashi. Shina yi maka mako biyu ko uku. Ran da makulli ya saki, bawul ya hwaɗa kan fistin da ke bugawa cikin cikin inji, ba bawul za ka nema ba, inji za ka nema. Ba ni ɗaurawa."

"To ya anka yi haka? Ba ka auna ba?"

Ina tsaye a bayan Baba, taku biyu tsakaninmu. Bai juyo ba. Ya naɗe ma'auninsa a hankali ya ce, "Laihina ne, Bawa. Ni anka ba aiki, kuma ban tabbatar ba."

Baba Bawa ya dubi gilashin ƙara girman da ke kan benci, ya dubi idanun abokinsa, ya ɗauki hularsa ya sa. Ya yi sallama ya tafi. Na san abin da ya fahimta, na kuma san ba haka ba ne, amma na bar shi ya tafi da hakan.

Bayan la'asar na sami Baba shi kaɗai yana wanke hannu da kananzir. Na durƙusa na faɗa masa duka, ina kuka har maganar ba ta fita sosai. Ya bari na gama. Ya goge hannunsa ya zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Ya ce, "Uwani, ƙarhen da ya yi shekaru shina aiki ba ya zuwa daidai da takarda ba ragi ba ƙari. Dole ya ɗan ci. Ran da kika karanto mini lambobi sunka zo cif, zuciyata ta hwaɗa mini. Sai na ce ɗiyata ce, ba ni tambayarta sau biyu. To kin ga abin da na hwaɗa ma Bawa gaskiya ne. Naki laihin daban, nawa daban."

Na ce zan je in gaya wa Baba Bawa. Ya ce a'a. Ya ce, "Ke yanzu za ki hwara rayuwa. In anka ce ɗiyar Sahabi ta yi ƙarya, shi za a riƙa tunawa ran aurenki da ran neman aikinki. Ni in anka ce idona sun mutu, ai sun kama hanya. Ba ki hwaɗa ma kowa ina raye. Ki nemi gahwarar Allah, sannan ki tashi, akwai aiki."

Ya ɗauko ma'aunin ya sa a hannuna. A ranar ya koya mini yadda ake riƙe shi, yadda ake matsewa ba da ƙarfi ba, yadda ake auna ƙafar bawul a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, don a ga inda ta ci. Ya sa na auna tsofaffin da kaina har sau uku, sai da lambobina suka daina canzawa.

Washegari na samu wani mai kayan daban. Wannan karon na ce ba hoto nake so ba, kiran bidiyo za mu yi. Mutumin ya yi ta ƙorafi, amma ya yarda. Na jingina wayar da gwangwanin mai a kan benci. Ga wani ɗan kasuwa a can cikin hayaniyar Legas, tsakanin tulin ƙarafa, ga Baba a gindin darbejiya, ni a tsakiya ina fassara. Baba ya ce ya matse nan, ya matse can, ya kawo lambar kusa da waya in karanta. Ya ce ya samo gilashi ya mirgina kowane bawul a kai, a ga ko kansa zai yi rawa. Mutumin ya cire madubin wata mota ya yi. Na huɗun ya yi rawa, Baba ya ce a canza. Ya sa aka jera sifirin ɗin a kan tebur aka ɗora musu ƙarfe miƙaƙƙe, a ga ko akwai wanda ya fi gajarta. Da aka kusa gamawa mutumin ya daina ƙorafi, ya fara dariya, yana ce mini in gaya wa tsohon nan bai taɓa ganin mai saye irinsa ba. Lambobin da na karanta a ranar ba su zo cif ba. Kowace ta ɗan gaza da abin da ido ba ya gani. Baba ya ce, "Yawwa. Wanga shi ne awon gaskiya. A turo."

Amma kwana shida ne kuma a hanya, kuma albasa ba ta san da wannan ba. A cikin kwanakin nan Baba ya rufe gareji. Ya bi abokansa ya aro ƙananan injinan ruwa guda biyu, ya ɗaure a babur ya kai Jiga Makera. Ƙarfinsu bai kai ya hau da ruwa tudu ba, sai dai su cika wani rami a tsakiyar hanya. Daga nan da bokiti ake ɗiba. Kullum da sassafe zai tafi, mutum mai shekara sittin da ɗoriya, ya naɗe wando ya shiga layi da manoma yana ɗibar ruwa zuwa fangulan albasa, ya dawo da yamma bayansa ba ya miƙuwa. Inna takan gasa masa da ruwan zafi, ba ta san dalilin da ya sa ya ɗora wa kansa wannan ba. Ni na sani, ina kallo.

An ceto mafi yawan gonakin. Amma fangulan da suka fi nisa da ruwa sun bushe, kuma yawancinsu na Baba Bawa ne da na wasu maƙwabtansa biyu. Kusan rabin albasarsa ta wannan shekara ta tafi. Auren ɗansa da aka shirya yi bayan girbi sai da aka ɗaga shi zuwa wata shekarar.

Ranar da aka ɗaura injin Baba ya ce in biyo shi. Da hantsi ne. Ya ɗaura kan injin, ya daidaita tazarar bawul da 'yan siraran ƙarafansa, ya yi bisimilla aka juya. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Baba ya manna kunne ya rufe ido. Can sai muka ji bututu ya yi gurnani, ruwa ya fito, da fari ja, sannan fari. Na bi shi da ido yana gangarawa cikin lambatu, yana tura busassun ganye a gabansa, yana shiga fangali ɗaya ya cika ya wuce na gaba, sararin sama yana kwance a cikin kowanne. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na albasa da hayaƙin dizal suka haɗu. Ruwan ya isa har fangulan da suka bushe, ya cika su su ma, ba komai a ciki sai karmami. Baba Bawa yana tsaye a bakinsu, hannuwansa a baya. Injin nan yana aiki har yau.

Magana ta bazu cewa idanun Malam Sahabi sun tafi, ba ya iya awo. Wasu suka kwashe aikinsu zuwa wasu garejin. Baba Bawa bai daina gaishe shi ba, bai daina zuwa suna da jana'iza ba, amma ya fi shekara bai kawo masa ko injin feshi ba. Baba bai taɓa ɗaga maganar ba. In rumfa ta yi shiru sai ya zauna yana goge kayan aikinsa yana jan carbi. Sannu a hankali mutane suka dawo, don abin da ya gyara ba ya komowa.

Ni kuwa ban sake karanta masa lambar da ban gani da idona ba. Ko bayan na yi aure na koma Maiyama, yakan kira ni ya ce akwai aiki, in haɗa kiran da mai kaya, ni a can shi a nan. Daga baya matasan kanikawa na Jega da Aliero suka riƙa zuwa wurinsa da wayoyinsu kafin su sayi kaya, yana gaya musu abin da za su ce a auna. Ranar Juma'ar da ta gabaci rasuwarsa mun yi waya. Ba maganar inji muka yi ba. Ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce darbejiyar gareji ta yi fure, ƙamshinta har cikin masallaci. Ya ce, "Sai kin zo, Uwani."

A rana ta uku ta zaman makoki Baba Bawa ya shigo cikin gida yi wa Inna ta'aziyya. Ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi addu'a, sannan ya ce, "Shekara sittin muna tare. Ban taɓa ganin ya ci amanar kowa ba. Aiki kuwa, sau ɗaya tak ya taɓa kuskure, shi ma ido ne sunka gaza mai."

Na ce, "Baba Bawa, ba idonsa ba ne."

Na faɗa masa a gaban Inna da Yaya Sanusi, tun daga kiran da ya yi mini har zuwa takardar da na karanta. Inna ta rufe fuska da mayafi. Baba Bawa ya daɗe yana kallon ƙasa, yana murza kan sandarsa.

Da ya ɗago ya ce, "Ɗiyata, albasa ta wuce, Allah ya mayar da wadda ta hi ta. Na yahe miki duniya da lahira." Sannan ya ce, "Amma ni wa zai yahe mani? Mutum shina ɗibar ruwa gonata da bokiti, ni ina kallonai ina cewa cikin raina ya tsuhwa, ya kashe mani shekara. Na ɗauke aikina na kai ma wani. Kullum muna sahu ɗaya, bai taɓa canza mani huska ba."

Inna ce ta amsa masa. Ta ce, "Malam Bawa, bai riƙe ka ba. Da ya riƙe ka da na sani."

Sauran manoman biyu da suka yi asara a shekarar, ɗaya ya rasu, na je na samu iyalinsa. Ɗayan na same shi a gonarsa. Na rubuta wannan ne don sauran jama'a, na Jega da Aliero da Jiga Makera, duk wanda ya taɓa ji ko ya taɓa faɗa cewa Malam Sahabi ya yi kuskuren awo. Awonsa daidai yake. Ni ce ban sa an auna ba, na kuma ce an auna. Ya hana ni faɗa yana raye, na bi umarninsa. Yanzu ba na so ya kwana a kabari da abin da ba nasa ba.

Ya Allah, ga bawanka Sahabi ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya rufa mini asiri a duniya, ka rufa masa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Duk ruwan da ya ɗiba a gonar wani, duk injin da ya tayar aka ci abinci da shi, ka sanya a mizaninsa. Ka ba Inna haƙuri da ƙarfin zuciya, ka haɗa kanmu ni da Yaya Sanusi da sauran 'yan'uwa, ka raya jikokinsa a kan gaskiya. Ka ba Baba Bawa lafiya da natsuwa, ka sada shi da abokinsa a Aljanna. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ba mu bar wa kowa ɗaukar laifinmu ba. Amin.